Amsoshin Tambayoyinku: Sauya Famfon Mai a Tankin da Ba na Kamfani Ba

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani mai karatunmu a Agadas. Yana da Land Cruiser a-kori-kura mai shan fetur, mai silinda 6, wadda yake shiga hanyar Dirku da Bilma da ita. Saboda nisan tafiya da ƙarancin gidajen mai, ya cire tankin da motar ta zo da shi ya sa wani babba. Bayan ɗan lokaci sai motar ta fara shaƙewa in ta yi zafi, ko in ta kama hawan tudun rairayi. Makanike ya ce famfon mai ne. Aka sauya, ta yi lafiya wata biyu, sai ciwon ya dawo. Yanzu abokan aikinsa suna ba shi shawara ya nemi famfo mai ƙarfi, tunda tankin ya ƙara girma. Yana so ya san ko shawarar tasu daidai ce, me ke kashe masa famfo, kuma yaya ake sauya shi a irin wannan tanki ba tare da an yi ɓarna ba.

Madalla da wannan tambaya, Malam. Matambayi ba ya ɓata, kuma gara da ka tambaya kafin ka sake zuba kuɗi. Bari mu fara da shawarar abokan naka. Ina ganin dalilin da ya sa suka yi wannan tunani, amma girman tanki ba shi da alaƙa da ƙarfin famfo. Ka ɗauki randa da moɗa. In ka sauya ƙaramar randa da babba, ba sai ka sayi ƙatuwar moɗa ba, don ƙishinka bai ƙaru ba. Inji shi ne mai ƙishi, kuma injinka shi ne dai na jiya. Irin naka, wanda Toyota ke kira 1GR-FE, mai lita 4, ƙarfinsa kimanin doki 230 ne, kuma ko ka take totur har ƙasa ba zai sha lita 100 a awa ɗaya ba. Famfon da kamfani ya sa masa ya ishe shi har da rara.

Abubuwa biyu ake dubawa a famfo. Na farko yawan man da yake turawa a awa. Na biyu ƙarfin turin, abin da makanikai ke kira firesha. Inji mai injekta, wato wanda ke fesa mai ta ƙananan nozul maimakon kafireto, yana son turi na kimanin bar 3, ya ɗan ɗara iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Inji mai kafireto kuwa ko rabin bar ba ya buƙata. Shi ya sa ba a sa famfon wannan a wancan. Akwai manyan famfuna da ake sayarwa masu tura lita 255 a awa, irin na Walbro, waɗanda aka fi sa wa motocin da aka ƙara wa inji ƙarfi. In ka sa irinsa a motarka, zai ja wuta fiye da yadda aka tsara wa wayoyinka, zai yi ta juya man da inji bai nema ba har man ya ɗumama, kuma yana iya fin ƙarfin ragileto, wato ɗan abin da ke daidaita turin mai. Ka biya kuɗi da yawa ka sayo sabuwar matsala ke nan.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a rarrabe tsakanin tankuna iri biyu, don wasu masu karatu nasu ba irin naka ba ne. Akwai wanda ke maye gurbin tankin kamfani gaba ɗaya, irin waɗanda kamfanonin Ostireliya kamar Long Ranger da Brown Davis ke ƙerawa, ko wanda gwanin walda ya haɗa maka a gida. A cikin wannan, famfon da ke ciyar da inji yana nutse ne a cikin mai. Akwai kuma tankin ƙari, wanda ake ɗaurawa ban da na asali. Shi famfonsa ƙarami ne mai sanyin turi, galibi a waje yake, aikinsa kawai ya kwaso mai daga tankin ƙari ya zuba a babban tanki. In wannan ya mutu, mota ba ta tsayawa nan take, sai dai man da ke tankin ƙari ya ƙi zuwa. Masu tsohuwar Land Cruiser mai shan gas, irin mai injin 1HZ, su kuma kada su wahalar da kansu neman famfon lantarki a cikin tanki. Injekta-fam ɗin da ke jikin inji shi ke zuƙo mansa da kansa, kuma akwai ɗan famfon hannu a kan filta da ake dannawa in iska ta shiga.

To, naka na farkon ne. Amma kafin ka kwance ko noti ɗaya, ina roƙonka ka tabbatar famfon ne ya mutu. Na sha ganin an sauke tanki, an sayo sabon famfo, ashe laifin na fis ne ko na rile, wato ɗan akwatin nan da ke buɗe wa famfo wuta. A fara da waɗannan. Sannan mai wayarin ya sa mita a kan soket ɗin da ke saman tanki yayin da inji ke aiki. In batir yana nuna bolt 14 amma abin da ke isa famfo bai kai 13 ba, mai yiwuwa akwai wayar da ke cin wutar a hanya, kuma sau da yawa wayar at ce, wadda ke komawa jikin mota, ta yi tsatsa ko ta saki. Mutane kan ce a kunna makulli a saurari kukan famfo. Dabara ce mai kyau a motoci da yawa, sai dai wasu motocin Toyota ba sa tayar da famfo sai an murza makulli ana ba da sitata. Saboda haka shirun da ka ji ba hujja ba ce.

Akwai kuma gwaji ɗaya da ba ya cin ko sisi. Ran da motar ta sake shaƙewa, ka tsaya ka buɗe murfin tanki a hankali, ka kasa kunne. In ka ji iska ta faɗa ciki da ƙarfi, sannan motar ta tashi garau, to numfashin tankin ne ya toshe. Galibin tankuna suna da siririn tiyo da ke shigar da iska ta cike gurbin man da aka sha. A tankunan da aka sa daga baya, wannan tiyo yakan lanƙwashe wajen ɗaurawa, ko ƙurar hamada ta cushe bakinsa. Famfo yana ja, tanki yana riƙewa, kamar mutum yana zuƙar ruwa daga gorar da aka toshe. Wannan shi kaɗai yana iya gajiyar da sabon famfo. Hukunci na ƙarshe kuwa na agogon awon firesha ne, wanda ake haɗawa a layin mai. In turin ya yi ƙasa alhali wuta tana isa daidai kuma filta ba ta toshe ba, sai a ce da tanki sauko.

Yanzu ga abin da na fi zargi a motarka. Famfon da ke cikin tanki, man da yake turawa shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke zame masa man shafawa. Muddin yana zuƙar mai, lafiya lau. Da zarar ya fara zuƙar iska, sai ya yi zafi ya fara cin kansa. Tankin kamfani yana da shinge a ciki da ke hana mai kai-komo, kuma famfo yakan zauna a cikin wata 'yar tasa da ke riƙe mai ko da mota ta karkata. Babban tanki shimfiɗarsa ta fi faɗi. Lita 20 da za ta rufe famfo a ƙaramin tanki, a babba sai ta bazu ta zama kamar ruwa a faranti. Ka kama hawan tudu, man ya gangara baya, famfo ya tsaya a busasshen wuri. Wannan ya yi daidai da abin da ka faɗa, cewa a hawa take shaƙewa. In ka buɗe, ka haska ka duba ko akwai shinge da tasar. In babu, ko dai a nemi tankin da ke da su, ko ka riƙa kula kada mai ya sauka ƙasa da kwata in za ka shiga rairayi.

Na biyu shi ne zurfi. Mariƙin famfo, wato ƙarfen da ke saukowa daga murfi yana riƙe da famfo, an auna shi ne da zurfin tsohon tanki. In sabon ya fi zurfi ba a ƙara wa mariƙin tsawo ba, famfo zai rataye a sama, ka ga mota ta mutu alhali kana jin mai yana motsi a ƙasa. In kuma ya yi tsawo da yawa, rariyar da ke bakin famfo za ta danne a gindin tanki ta shaƙe. Abin da ake so, rariyar ta kwanta a shimfiɗe daf da ƙasa ba tare da ta matse ko ta naɗe ba. Ka zura tsaftataccen sanda ka auna daga bakin ramin zuwa ƙasa, ka gwada da tsawon mariƙin. Minti biyu ne, amma mutane da yawa suna tsallake shi.

Sai datti. Tankin da aka yi wa walda a gida ba a wanke shi sosai ba, yakan bar ɓurɓushin ƙarfe da toka, ga tsatsa in ƙarfen ba mai rufi ba ne. Ƙara da man jarka da na 'yan bumburutu, wanda dole ka sha shi a hanya irin taka, da ƙurarsa da ruwansa. Masu mota a Najeriya ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka yi ta zuwa gareji. Sa sabon famfo a tanki mai datti kamar zuba sabon nono ne a ƙwaryar da ba a wanke ba.

Akwai wani abu kuma da nake so in ɗan tsaya a kansa, don na gan shi da idona. Wata rana a wani gareji aka zaro famfon wata Hilux da aka sauya bai fi wata uku ba. Famfon lafiyarsa ƙalau, aka ba shi wuta nesa da mai ya juya. Amma ɗan guntun tiyon da ya haɗa shi da bututun murfi, wanda bai wuce tsawon yatsa ba, ya kumbura ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Da na taɓa shi sai baƙi ya kama mini yatsa. Ya tsage a gefe, famfo yana turo mai, rabinsa yana komawa cikin tanki tun bai fita ba. Tiyon mai na gama-gari, cikinsa ne kawai aka yi don ya jure fetur, bayansa iska aka yi wa. Wanda zai zauna cikin mai dare da rana dole ya zama na musamman, za ka ga an rubuta SAE J30R10 a jikinsa, ko kuma ya zama irin na roba mai tauri mai ƙwarya-ƙwarya da ke zuwa tare da famfo. Mai lamba R9 yana jure turin injekta amma a wajen tanki, mai R7 kuwa na sanyin turi ne. Yana yiwuwa ƙwarai famfonka na biyu bai mutu ba, tiyo ne ya ci amanarsa.

Game da saye, ka tafi da tsohon a hannunka da lambar da ke jikinsa, ka nemi na Denso ko wani sanannen kamfani daga hannun wanda ka amince da shi. Jabu sun yi yawa, har da kwali mai kyau, kuma araha ba ta ado. Na asali ma yakan samu tangarɗa. A shekarar 2020 Toyota ta janye miliyoyin motoci saboda wani rukunin famfunan da farfelar cikinsu ke kumbura ta cije. Amma tsakanin na asali da jabu akwai nisa. Tare da famfo ka sayi sabuwar rariya, sabuwar robar murfi, da sabuwar filta. Kada a mayar da tsohuwar rariya ko da ta yi kama da mai tsafta.

Mu zo ga aikin. A nan, don Allah, ka saurare ni da kyau, domin ba na so in ji mummunan labari. Mutane suna ɗauka tankin da aka zazzage ya zama ba shi da haɗari. Akasin haka ne. Ba ruwan fetur ne ke kamawa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska. Abin da ya sa famfon lantarki ke zaune cikin tanki shekara da shekaru bai tayar da gobara ba shi ne, a rufaffen tanki tururi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Da ka zazzage ka buɗe, iska ta shiga, haɗin ya cika, tartsatsi ɗaya ake jira. Tururin kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana taruwa a rami. Don haka a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. A kashe garwashin shayi, a nisantar da janareta da mai walda, kada kowa ya kunna sigari. A ajiye abin kashe gobara mai hoda da bokitin yashi kusa, don ruwa yaɗa wutar fetur yake yi. Kada a yanke bodi da garanda a saman tanki wai don a samu gajeriyar hanya. Kuma kada a sa yaron gareji ya zuƙo mai da baki. In fetur ya sarƙe shi ya shiga huhu, yana iya yi masa illa mai tsanani.

Da farko a sauke turin da ke cikin layi. A zare fis ko rilen famfo, a tayar da mota a bar ta ta mutu da kanta. Sannan a cire kan batir na maras wuta, wato mai alamar ragi. A janye mai da famfon hannu zuwa jarkoki masu murfi. Lita ɗaya ta fetur ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, ka ga lita 150 ta haura kilo 110, ban da nauyin ƙarfen. Ba abin da za a tara da ƙirji ba ne. Wasu motocin masu rufi suna da 'yar ƙofa a ƙarƙashin kujera ko kafet da ke kai ka kan famfo kai tsaye. A a-kori-kura kuwa sai dai a sauke tanki ko a ɗaga bodin baya. A tallafe tankin da jak da faffaɗan katako, a saki ɗaurin, a sauke shi kaɗan yadda hannu zai shiga a cire soket da tiyoyi. Ka ɗauki hoto da wayarka tun kafin a buɗe komai, ka yi wa kowane tiyo alama, domin in aka musanya mai kai wa inji da mai dawowa, mota ba za ta tashi ba.

Kafin a buɗe murfin famfo, a share samansa tas. Yashin da ya taru a wurin, in ba a kula ba, cikin tanki zai zube. In murfin na ƙananan kusoshi ne, a kwance su da hannu. In zobe ne ake bugawa ya juya, a yi amfani da katako ko tagulla, kada a sa ƙarfe a kan ƙarfe. A zaro mariƙin a karkace, a hankali, saboda akwai siririn hannu mai ɗauke da fulot, wato ɗan abin da ke yawo a saman mai yana gaya wa geji yawansa. In ya lanƙwashe, allurarka ta fara ƙarya ke nan. A wanke tankin, a bar shi ya bushe. Wajen haɗa sabon famfo a lura da wayoyi biyun, mai wuta da maras wuta, don in aka juya su famfo zai juya da baya, ka ji yana kuka amma ba mai. Kada a naɗa salatif a cikin tanki, fetur yana narkar da shi. Haka kuma kada a shafa gam ɗin silikon a bakin murfi. Yakan yi laushi ya gutsure, gutsattsarin su je su toshe rariya. Sabuwar robar da ta dace ta wadatar, a ɗaure kusoshin bi da bi, wannan gefe sannan kishiyarsa, ba tare da an matse su fiye da kima ba.

Kada ka yi saurin ɗaure tanki gaba ɗaya. A zuba kamar lita 20, a haɗa komai, a mayar da batir da fis, a tayar. A duba kowace mahaɗa da ido da hanci, a sake auna firesha. In komai ya yi, a ɗaga a ɗaure, a tabbatar babu tiyon da ya matse tsakanin tanki da shasi ko ya kusanci salansa, musamman na numfashi. Bayan tafiyar farko a gargada, a sake bin ɗaurin da sifana.

Saura geji. Allurar dashbod ba ta san an sauya tanki ba. Ita abin da fulot ya gaya mata take nunawa, kuma siffar babban tanki takan sa ta daɗe a kan cikakke sannan ta faɗi da sauri. In ka sauya ma'aunin fulot ɗin ma, ka tabbata irin na motarka ne, domin kowane kamfani da nasa lissafin, na Toyota daban, na motocin Amurka daban. Hanya mafi sauƙi ita ce, tunda tankin yana wofi, ka tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri ka riƙa zuba lita 20 bayan lita 20, kana rubuta inda allura ta tsaya a kowane zubi. Ka manna takardar kusa da sitiyari.

Tunda kuma hanyarka ta hamadar Tenere ce, inda mutum kan yi yini bai haɗu da kowa ba, ka ajiye famfo na biyu wanda ka riga ka gwada, da rariya, da robar murfi, da rile, da fis, da guntun tiyon nan mai lamba R10 da kilif ɗinsa. Ka naɗe su a tsumma mai tsafta cikin gwangwani mai murfi yadda ƙura ba za ta shiga ba. Allah ya kiyaye hanya, Malam.